Sallamar da Aka Goge wa Auta

Autanmu ya dawo wurina Tambuwal bayan ya gama jami'a, domin a Fakku, inda gidan mahaifinmu yake, sai mutum ya hau tudu kafin waya ta kama sabis. Ni na goye shi tun rasuwar Inna, saboda haka ba wanda ya yi mamaki da maigidana ya share masa ɗakin da ke jikin zaure. Da ciwon sikila aka haife shi. Siriri ne, idonsa kullum da ɗan rawaya, ga tsokana kamar ba shi ke kwanciya ba.

Kwamfuta ya karanta. Maƙwabta suka ɗauka gyaran waya ne, aka riƙa aiko masa da matattun wayoyi a leda. Yakan leƙo tsakar gida ya ce, "Yaya, don Allah gaya musu ni ba bokan waya ba ne."

"To mi kaka yi ɗaki tun safe, in ba gyara ba?"

Wata rana ina tsintar shinkafa ya jawo kujera ya yi mini bayani. Ya ce kwamfuta ba ta jin magana sai da harshe irin nata, kuma mutane ne ke ƙera waɗannan harsuna su shimfiɗa musu dokoki, kamar nahawun da Baba ke karantarwa. Shi dokokin ne suka ɗauke masa hankali. Har ya ƙera wani ɗan harshe nasa, ya sa masa dokar da za ta kama kuskure tun aiki bai fara ba.

"Kamar yadda kika fid da tsakuwa kafin ki aza tukunya," in ji shi. "Sai dai ban sani ba ko tsintar tawa tana barin tsakuwa. Wanda ya fi ni sani nika nema ya duba mini."

A duk ƙasarmu ba mai duba masa. Malaminsa na jami'a da ya fara nuna masa hanyar ya bar aiki ya tafi. Sai ya ce a intanet akwai zauruka, kowane da jama'arsa da irin hirarsa, zai shiga ɗaya ya yi tambaya.

Babban ya fara zaɓa, wanda dubban mutane ke shiga. Ya rubuta tambayarsa yadda aka koya mana shiga gaban malamai. Baba bai yarda almajiri ya buɗe littafi bai gaisa ba, in ka yi, a ranar ba ka da karatu. Auta ya yi musu sallama da Turanci, ya tambayi lafiyarsu da ta iyalansu, ya ce shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, ya nemi afuwar ɗaukar lokacinsu, sannan ya kawo tambaya, ya rufe da addu'a. Ya karanta mini, na ce madalla, haka ɗan mutunci ke yi.

Kafin la'asar ya kira ni. Wani da ba mu sani ba ya shiga cikin rubutun ya goge gaisuwar kaf, daga sallama har addu'a, ya bar tambayar tsirara. Ya ƙara da cewa nan ba a gaisuwa, ɓata lokaci ce. Daga baya wasu suka haɗu suka rufe tambayar ma, wai zauren na gyaran aikin da ya lalace ne, ba na doguwar muhawara ba.

"Sallamar suka goge?" Na tambaya. Rufe tambayar bai shige ni ba kamar wannan.

Ya yi dariya, amma ban ji daɗin dariyar ba. "Ƙa'idarsu ce, Yaya. Ni ne ban karanta ba. Na kai garin tuwo kasuwar shanu."

A ranar ko furar da na dama masa bai taɓa ba.

Sai ya koma wa 'yan ajinsu, masu wani dandali a waya. Can kam gaisuwa har ta yi yawa. Ya saka tambayar, aka yi ta zubo masa "Allah ya ƙara basira, Farfesa," wani ya ce in ya yi kuɗi kada ya manta da su, wani ya saka sanarwar ɗaukar aiki, maganar ta nutse. Ba wanda ya karanta abin har ƙarshe.

Ya ce saura wuri ɗaya, amma tsoronsa yake ji. Wani ƙaramin zaure ne daɗaɗɗe, da wasiƙar imel ake magana a cikinsa, kuma waɗanda suka rubuta littattafan da yake karantawa suna ciki. "In can ma aka kore ni, ba ni da sauran ƙofa."

Na tuna masa abin da shi bai riska ba. Baba ya sha ba mu labarin yadda ya zaɓi malaminsa. Da ƙafa ya taka daga Fakku zuwa Sanyinna, ya shiga zauren karatun wani malami, ya zauna can baya wajen takalma, bai buɗe littafi ba, bai ce uffan ba. Jira yake ya ga ranar da wani zai yi tambayar wauta, ya ji yadda malam zai amsa masa. Sai da ya ga haka sannan ya matso da littafinsa.

"Kai ma zauna wajen takalma," na ce masa.

Haka ya yi duk farkon daminar nan. In an kawo wuta ya yi caji, ya bi tsofaffin hirarrakinsu yana karantawa. Wani lokaci ya fito yana murna, ya ce wani ɗalibi ya yi tambayar da ko shi ya san amsarta, wani tsoho ya zauna ya warware masa tiryan-tiryan. Wani lokaci kuma ya ce suna da zafi, in ka yi kuskure ba a rufa maka. Amma ya lura ba a goge wa kowa magana.

Ranar da zai tura tasa tambayar muka yi gardama. Ya cire gaisuwar duka da hannunsa.

"Haba Auta, haka za ka faɗa wa dattawa kamar an jefo ka?"

"Ke dai kina so a sake wanke ni. Su gajeren zance suka saba."

"Ko gidan da ba kowa, ai ana sallama."

Ya dube ni, ya gyara zama, ya cire hularsa ya mayar. Sai ya fuskanci kwamfutar ya ce da ƙarfi, "Salamu alaikum, malamai. Mun same ku lafiya?" Sannan ya danna. "To ga ta nan, na yi da baki. Wannan ba mai goge ta."

Na yi dariya har da hawaye. Ita ce dariyar ƙarshe da na tuna mun yi a tsakar gidan nan.

Shiru ba amsa. Kullum bayan azahar ya duba, ya rufe. Ana cikin haka aka yi wani ruwa mai sanyi, ciwon ya taso masa ta ƙirji da baya. Muka kai shi asibiti, aka sa masa ruwa, maigidana ya ba da jini. Wayarsa tana hannuna. Duk lokacin da zafin ya lafa sai ya ce, "Yaya, an amsa?" In ce tukuna.

Wata safiya ina ba shi kunu wayar ta yi ƙara. Doguwar wasiƙa ce daga wata mata a zauren. Idonsa ba ya iya tsayawa kan rubutu, ya ce in karanta. Turancina na sakandare ne, na shekarun da gwamnati ke ba mu littafi da sabulu kyauta, ya daɗe a ajiye. Na riƙa tuntuɓe, in na zo kan alama in ce, "ga wani abu kamar ƙugiya," shi kuma ya faɗi sunanta ido a rufe.

Ta ce ta karanta aikinsa duka. Ta ce dokar tana da ɓaraka a wuri ɗaya, ta kawo misalin kuskuren da zai sulale ta nan. Ta ce amma hanyar mai kyau ce, ta ga yadda za a toshe, tana so ta ji nasa tunanin tukuna. A ƙarshe ta tambayi daga ina yake rubutu, wa ya koyar da shi.

Na ɗauka zai ji ciwon an ce ya yi kuskure. Sai na ga yana murmushi. "Maimaita wurin ɓarakar," ya ce. Na maimaita. Ya ɗaga yatsa yana zana wani abu a iska.

"Akwai tsakuwa, Yaya. Ta gan ta. Har ƙarshe ta karanta."

Ya ce in an sallame mu zai ba ta amsa, ya ma fara hango gyaran. Ba a sallame mu ba. A Fakku aka kai shi, kusa da Inna. Allah ya jiƙansu, ya sa can ta fi musu nan.

Bayan an watse zaman makoki na dawo Tambuwal, na ga bai kamata a bar baiwar Allah nan tana jira ba. 'Yata ta buɗe mini wurin, na rubuta da kaina. Na yi musu sallama. Na tambayi lafiyarsu da ta iyalansu, da gajiyar karatu. Na gaya mata daga ina yake, na ce wanda ya fara koya masa dokokin harshe mahaifinmu ne, a kan buzu. Na ce ya ji saƙonta, ya kuma yi farin ciki. Gyaran da ya hango kam ban iya ba ta ba, a iska ya zana shi, ni kuwa ban san karatun ba.

Sun amsa, su da yawa. 'Yata ta ce wasiƙar tawa tana nan har yanzu yadda na rubuta ta, da sallamarta.