Tafin Kawu a Kan Tarakta

Warin kananzir ya tuno mini da Kawu yau. A shekarun saba'in shi ke tuƙa ƙaramar tarakta mai ruwan toka a Manchok, irin wadda ake tayarwa da fetur, in ta ɗau zafi a juya ta kan kananzir. Yakan ɗora tafinsa a kanta ya ce, "Bari ta yi ɗumi, ɗana."

Da jajayen taraktoci masu shan dizal suka zo, aka ba samari, aka ajiye Kawu tare da tasa. Wata safiya na raka shi, ya taɓa ta cikin ciyawa. Ya ce, "Ta yi sanyi."

Bai ga girbin shekarar ba. Abin yana ci mini rai har yau. Ubangiji ya karɓe shi inda ba a ture tsoho gefe.