Abdulkahar na Zugag Yaji

Duk wanda ya zauna a unguwar Ammariyya ta Jidda kafin rusau ya san Abdulkahar Yelwa, ko da bai taɓa sayen komai a hannunsa ba. Dogo ne, siriri, kullum da sauri kamar an aike shi. A Jidda aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga Yelwa da ƙafa zuwa aikin hajji, ya yi shekara bakwai a hanya, da ya iso kuma bai koma ba. Jikan bai taɓa ganin garin da ke maƙale da sunansa ba, amma duk shekara sai ya sabunta iƙama, takardar izinin zama, kamar baƙon da ya sauka jiya.

Ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ya ja motar alhazai, ya ɗan taɓa gyaran firji ya watsar. Sai da ya haura arba'in, mahaifiyarsa ta rasu, sannan ya gaji shagonta a wani rufaffen lungu da ake kira Zugag Yaji. Shaguna arba'in da ɗaya ne a lungun, kusan duk na Hausawa. Shi kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya yake sayarwa, sai yajin tsire da yake haɗawa da kansa, wanda har Larabawa masu gashin nama ke zuwa nema. Kujera ɗaya ce a shagon, kuma ba shi ke zama a kanta ba, Muath ne, maƙwabcinsa mai sayar da tabarmi da mafitai. Tare suka taso. Muath ba shi da takarda ko ɗaya, don haka ba ya nisa da lungun, kuma ba ya son hayaniya.

Shugaban 'yan kasuwar shi ne Alhaji Badr Mailafiya. Shekara goma sha biyar yana riƙe da kujerar. Shi da wasu manya biyu ne ke sauke kaya daga jirgin ruwa, ƙananan su sara a wurinsu. Idan rikici ya tashi shi ke sasantawa, idan za a yi magana da mai ginin shagunan shi ke zuwa. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da ake faɗa a can.

A farkon shekarar 2022 aka wayi gari an shafa jan fenti a bangunan unguwar, alamar za a rushe. Mutane suka shiga ɗaure kaya ba tare da sun san inda za su ba. Alhaji Badr ya tara su ya ce su kwantar da hankali, yana magana da mai ginin, ba za a bar kowa a titi ba. Mako ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Aka yanke wutar layin baya. Abdulkahar ya daina iya cin abinci a zaune. Ya leƙa shagon wannan, ya leƙa na wancan, ya je ofishin Alhaji a ce masa ya fita, ya dawo ya sake auna yajin da ya riga ya auna.

Hikima mai lalle ce ta kawo labarin. Ta je gaisuwar mutuwa a unguwar Mahjar, sai ta ga wani sabon layin shaguna ashirin, an riga an kafa alluna. Ta karanta sunan Alhaji Badr a kan huɗu, sunayen 'ya'yansa da surukansa da abokansa biyu a kan sauran. Ashe mai ginin ya ba da wurin ne don mutanen Zugag Yaji, manyan suka raba a tsakaninsu, suka yi shiru.

Kafin azahar Abdulkahar ya zagaye shago arba'in ɗin nan kaf. Inda duk ya tsaya sai ya maimaita abin da Hikima ta gani, ya ƙara da nasa.

"Ya akhi, ka zauna," in ji Muath. "Ka san mu ba masu taro ba ne a ƙasar nan."

"In zauna har katafila ta same ni a zaune? Wallahi yau sai ya faɗa mana da bakinsa."

Bayan la'asar babbar motar Alhaji ta shigo bakin lungun don kwashe kayan sito. Ba wanda ya tsara abin da ya biyo baya. Aka fara jan ƙofofin shaguna ɗaya bayan ɗaya, ƙarar ƙarfe ta cika lungun. Maza da mata suka kewaye motar. Wani ya zare makullin daga hannun direba. Wani ya farke buhun gero, ya zube a ƙasa, ana tattakawa. Aka jefi gilashin ofishin ya tarwatse. Alhaji Badr ya fito yana gyara hula, fuskarsa na zufa.

"Ku saurare ni, jama'a. Shago ashirin ne, ku arba'in. Da na faɗa, da kun cinye juna."

"Sai ka cinye mu kai kaɗai?" Hikima ta mayar masa.

Ihu ya ƙaru. Mutanen benaye suka fara leƙowa, wasu da waya a hannu suna ɗauka. A nan ne Abdulkahar ya dubi taron da kyau, ya ga fuskokin da ya tara da bakinsa, ya tuna cewa rabinsu ba su da iƙama. Ya kama ƙarfen motar ya haye sama.

"Halas! Ya isa haka, ya jama'a! Wanda ya san ba shi da takarda ya bi ta baya yanzu. Yalla, ku tafi! Mu da muke da ita mun isa."

Wasu suka ji, suka sulale. Wasu fushi ya toshe musu kunne. Muath, wanda bai jefi kowa ba, bai ma ɗaga murya ba, ya matso ne kawai don ya janye abokinsa daga kan motar. Yana riƙe da gefen rigar Abdulkahar motar sintiri ta tsaya a bakin lungun. Aka tambayi kowa takardarsa. Mutum biyar aka tafi da su, har da Muath.

Washegari dattawan masallaci suka zaunar da su. Alhaji Badr ya sauka daga shugabanci, ya saki shago tara daga cikin ashirin ɗin, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan. Aka rubuta sunaye aka zuba a hula. Hikima ta samu. Abdulkahar ma sunansa ya fito, amma ko da aka kira shi ba ya wurin, yana can yana bin ƙofofin masu faɗa a ji, ko za a saki Muath. Ya yi kwana goma sha tara yana wannan zirga-zirga. Ba a sake shi ba. Aka sa shi a jirgi zuwa Yamai, domin daga can iyayensa suka fito, shi da bai taɓa taka ƙasar ba, Hausarsa ma rabi Larabci ce.

Abdulkahar ya buɗe sabon shagon a Mahjar. Wata huɗu ya yi a ciki. Ƙofarsa na kallon ta Alhaji Badr, kullum da safe sai sun gaisa, don ba yadda za a yi. Matarsa Mastura ta ce a watannin nan ya rame har wandonsa ya daina zama. Wata ranar Asabar ya miƙa wa matar Muath makullin, ya ce ta zuba tabarminta, ita da yaranta uku su ci abinci. Ya nemi wata tsohuwar ƙaramar mota ya loda buhunan yajinsa.

Tun daga lokacin a mota yake kasuwanci. Da safe yana Mahjar, da rana yana unguwar Safa, yana hawa benaye yana kai wa matan likitoci da injiniyoyin Nijeriya kuka da daddawa har ƙofa. Suna son kayansa, sai dai suna ƙorafin ba ya tsayawa ko ruwa ya sha. In an tambaye shi labarin ranar nan yakan ce gaskiya suka nema kuma sun samu guntunta, sai ya duba agogo. Sau ɗaya ya ce wa Mastura, da ya san haka za ta ƙare, da sai ya je ofishin shi kaɗai ya fasa gilashin da hannunsa.

Muath ya samu rumfa a wata kasuwa a Yamai. Yakan kira ranar Juma'a. A kiran baya-bayan nan ya ce ya fara gane kuɗin ƙasar, kuma yajin can bai yi masa ba sam. Abdulkahar ya ajiye waya, ya daka kilo uku da yammacin nan, ya ɗaure a leda biyu. Yanzu yana cigiyar mai umara da zai koma Nijar, wanda kayansa ba su yi nauyi ba.