Direban da Ya Kai Mairama Jos

Kafin a buɗe ƙofar ƙaramin asibitinmu a Kafanchan, Baba Gershon ya riga ya duba tayoyin motar ɗaukar marasa lafiya, ya shanya filo biyu a kan bonet. Matarsa Doreen ce ta ɗinka su, ta cika su da ƙaiƙayin acca. Abokan aiki kan tsokane shi, wai ya fi tattalinsu a kan rigarsa ta zuwa coci, kuma ba ƙarya suka yi ba.

A daminar bara aka ga ranarsu. Mairama mai tallar nono ta sauke ƙwarya a bakin kasuwa, ta ce kanta ya sara irin saran da ba ta taɓa ji ba. Wuya ya sandare, amai ya biyo baya. Da aka kawo ta asibitinmu, nas ta ce tana tsoron jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwa, sai a kai ta Jos. Mijinta Jibir ya tada babur, wai motar tsoho ta cika sanyin jiki. Baba Gershon ya sha gabansa.

"Jibir, kashe mashin. In ka girgiza kan nan, ba za ka kai shi Jos ba. Zo ka riƙe matanka."

Da aka kwantar da ita a motar, Baba ya ɗan ɗaga mata kai, ya tokare shi da filo dama da hagu. Daga Gidan Waya har hawan dutse, rami ya lallaɓa, kwalta mai kyau ya taka wuta. Jibir na ta faɗa, shi ko idonsa na kan hanya.

A Jos hoto ya nuna an haifi Mairama da wata jijiyar jini wadda ta taso daga wuya ta rabu biyu, ta sake haɗewa, abin da ba kasafai ake gani ba. A wurin ne ta kumbura ta tsage. Likitoci suka toshe ɓarakar.

Baba, kai ne mai shanye zagin masu gaggawa, sarkin lallaɓa rami. Mun gode, Allah ya albarkaci hutun ritayarka. Direbobinmu matasa, ku koyi wannan hannun, domin wanda ke kwance a bayanku ba buhun citta ba ne.

Ranar bikin ritayarsa, Mairama ta shigo da ƙafafunta, tana dariya. Likita ya hana ta ɗaukar kaya a ka, saboda haka Jibir ne ke biye da ita, rungume da ƙwaryar nono. Ya durƙusa ya ajiye a gaban Baba, a hankali, ko ɗigo bai zube ba.