Likita Mai Buta

A asibitin sojoji inda nake jinyar yayana, akwai wata likita gajeriya mai furfura, kakinta duk ya koɗe. Yanzu tana tsaye kan Kofur Sidiku, wanda aka ɗinke wa cinya.

"Madam, takarda ta ce kwana biyar, yau sun cika. Matata na jirana a Bawku."

Ko kallon takardar ba ta yi, buta take miƙa masa. "Tsuguna ka yi alwala in gani."

Kafin ya kai ƙasa, ƙafar na rawa, butar ta suɓuce.

Ina jin likitar ta taɓa sallamar wani da wuri, abin bai bar ranta ba.

Ta tallafo shi a hankali. "Ƙarin kwana uku, Kofur. Ba takardar ce za ta tsuguna a Bawku ba."