Taɓarya a Bakin Lungu

Har yau in na ji ƙararrawar keke a bayana, sai gabana ya faɗi. Jikokina dariya suke yi mini, wai tsohuwa tana tsoron keke, alhali motar haya ta trotro na wucewa ta gefen zaninta ko a jikinta. Ba keken nake tsoro ba. Haushi ne yake taso mini, haushin da ya girmi iyayensu.

Ƙanena ne mai keke a gidanmu. Ni na goya shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, da na yi aure kuma na taho da shi unguwar Nima a Accra, gidan hayar da muke zaune a bakin hanyar da ta gangaro daga Maamobi. Da ya zama saurayi, wata mata 'yar ƙabilar Ga mai gidan burodi ta ɗauke shi yana kai mata burodi shaguna. Da ƙafafunsa yake ci, da su yake sha, da su kuma yake shirin yin aure. Ina gaya masa haka kullum, yana ji kamar ana zuba ruwa a kwando.

A shekarun nan na farkon samun 'yancin kai, samarin Nima da Maamobi sun ƙirƙiro wa kansu tseren keke. Ranar Lahadi ne, bayan La'asar. Masu kai burodi, masinjojin ofis, yaran teloli, duk wanda ke da keke ko ya samu aro, sai su kwance kariyar ɗaukar kaya da duk wani ƙarfe mai nauyi, su taru a saman Maamobi, su gangaro ta hanyar jar ƙasa har bakin kasuwar Nima suna ihun a ba da hanya, "Agoo! Agoo!" Babu abin da ake ci. Wanda ya zo na farko, 'yan mata su ɗaura masa hankici a kan keke, ya yi mako yana tafiya kamar shi ya gina Accra. Ƙanena ya tara hankici har ina goge tukunya da su don in ɓata masa rai.

Kada wani ya ce ina son tseren nan. Na tsane shi. Ni ce mai dafa ruwan zafi, ni ce mai gasa gwiwa, ni ce mai shafa man kaɗanya a gwiwar hannu da ta saluɓe. Na yi faɗa, na yi kuka, na taɓa ɓoye masa famfon iska a cikin buhun gero. Ya je ya aro wani. Ya dawo yana dariya ya ce, "Yaya, ka cika tsoro. Hanyan nan na san shi kaman tafin hannuna." Daga ranar na gane ba zan iya hana shi ba. Abin da zan iya shi ne in gyara masa hanyar.

Ba ni kaɗai na gane haka ba. Kowace mace a layin nan tana da ɗa ko ƙane ko ɗan kishiya a cikin masu tseren, tana kuma da ƙananan yara masu fitowa da gudu daga lungu ba sa duban gabansu. Wata tsohuwa ce ta fara, ranar da keke ya kusa kwashe jikarta. Lahadi na zagayowa ta fito da taɓaryarta, ta gitta ta a bakin lungunsu, ta tsaya a kai. Kafin wata ya ƙare, babu lungun da ya buɗe a kan hanyar nan da ba a gitta masa taɓarya. Ba wanda ya yi shela, ba wanda ya kafa doka. Matar da ke can sama takan buga tasa da ludayi in kekuna za su taso, ta ƙasanta ta amsa, har bugun ya iso wurinmu. Nan take a janye teburan koko da ƙosai, a ɗaure awaki, a zuba toka da yashi a ramuka. Duk yaron da ya tsallake taɓarya kafin kekuna su wuce, kowace mace tana da izinin dukansa, ya koma gida uwarsa ta ƙara masa. Yaran Nima da ba sa jin maganar malami ma suna jin maganar taɓarya. An ƙuje, an targaɗe, wani ya taɓa faɗawa kwata ya fito yana wari har kwana biyu, amma ba mu taɓa ɗaukar kowa a kan tabarma ba.

Sai wani Alhaji mai fataucin goro ya sayi mota. Baƙa ce, tana sheƙi, ita ce ta farko a layinmu, har yara suna zuwa duba haƙoransu a jikinta. Wata Lahadi direbansa ya ajiye ta daidai inda hanya ta yi kwana. Mata biyu suka je suka ce ya gusa da ita, kekuna na tafe. Ya ce motar Alhaji ba ta gusawa don 'yan iska. Kekuna suka zo. Wani yaron tela ya goge ta, fedarsa ta ja wa ƙofar dogon zane fari, shi kuma ya ƙuje gwiwa, ƙujewar da ko ni ba zan dafa mata ruwa ba.

Ikon Allah, daga ranar gwiwar samarin Nima ta yi daraja. Shekara da shekaru ana zubar da fata a hanyar nan, ba dattijon da ya taɓa tambayar yaya jiki. Yanzu ga taro an kira a rumfar ƙofar masallaci, wai domin ceton rayukan yaranmu. Ba a kira samarin ba, balle mu mata. Muka tsaya a bayan katanga muna ji.

Gaskiya ba duka bakinsu ɗaya ba. Wani tsoho mai gyaran keke ya ce a bar tseren inda yake, a dai tilasta kowa ya gyara birki, a hana ajiye mota a kwana ranar Lahadi. Ya ce yaro da keke kamar ruwan sama ne a kan tudu, in ka tare nan zai bi can. Wasu suka gyaɗa kai. Sai Alhajin ya gyara zaman babbar rigarsa ya yi dogon jawabi a kan rai da amanar da Allah ya ba manya. Ko sau ɗaya bai ambaci mota ba, shi ya sa kowa ya san maganar mota ce. Ya rufe da cewa rigakafi ya fi magani, duk yaron da aka sake gani yana tsere a cikin unguwa a miƙa shi ga 'yan sanda da kekensa.

Ban san lokacin da na leƙa ta saman katanga ba. Na ce, "Alaji, gafara dai. In kun kore su nan, ina za su je? Nan muna tsare musu hanya. Can wa zai tsare?"

Bai ko juyo ba. Ya tambayi rumfar, "Matan wa ne wannan?" Mijina, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne amma ba ya iya haɗa ido da mai kuɗi. Ya sunkuyar da kai, ya taso ya ja ni gida. Aka shafa fatiha, aka watse, kowa yana yaba wa kansa.

Tseren bai fasa ko Lahadi ɗaya ba. Ya dai sauka ƙasa, wajen Kanda, kan babban titin kwalta inda dattawan Nima ba su da iko. Samarin ma murna suka yi, wai kwalta ta fi santsi, keke yana tashi kamar tsuntsu. Titin nan kuwa shi ne na manyan lorin doya da gawayi masu shigowa gari, direbobin sun kwana suna tuƙi, ba su san ɗan kowa ba. Na roƙi ƙanena, na haɗa shi da girman mahaifiyarmu. Ya ce, "Yaya, in ban je ba za su ce na ji tsoron kwalta." Na taɓa saɓa taɓaryata na bi su har can. Na tsaya a bakin titi kamar mahaukaciya, motoci na wucewa suna kaɗa mini zani. Babu lungu, babu tasa, babu wanda zai ga itace a ƙasa ya tsaya. Na saɓo abata na dawo gida.

Ranar da abin ya faru ina tankaɗen gari. Wani abokin tserensa ya shigo tsakar gida riƙe da tayar gaba, ta lanƙwashe ta koma kamar faifan da aka taka. Na gane tayar keken ƙanena ce. Ya ce dai yana da rai. A asibiti suka yanke ƙafar dama daga saman gwiwa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, in ji masu magana, mu namu ya wuce karaya. Matar gidan burodi ta zo ta yi kuka na gaskiya, ta kawo burodi, ta ɗauki wani yaron. Iyayen yarinyar da yake nema suka fara cewa a dakata tukuna, kuma har yau ana dakatawa.

Da aka sallamo shi, yana kwance a tabarma a ɗakina fuskarsa na kallon bango, sai aka aiko cewa dattawa za su zo dubiya bayan La'asar. Ranar Lahadi ce. Na san abin da za su zo faɗa, domin tun yana asibiti maganar ke yawo a rumfa: ai dama mun faɗa, wanda bai ji bari ba, zai ji hoho. Na rantse ba za a faɗa masa wannan a kan tabarmata ba. Ba ni da bakin hana dattawa shiga gida. Sai na ɗauko taɓaryata, na gitta ta a bakin ƙofar gidan, na tsaya a bayanta.

Yaran layin da suka biyo dattawan don kallo suna isowa suka ja birki, suka yi cirko-cirko, ko ɗaya bai matso ba. Tsohon nan mai gyaran keke ya dubi taɓaryar, ya dube ni, ya koma gefe ya tsuguna.

Alhajin yana gaba, da ƙullin goro a hannu. Ya yi sallama, ya tattare rigarsa, ya ɗaga ƙafa ya tsallake. Da a ce da gangan ya yi, da na fi samun sauƙi, da na ce ya raina ni. Amma na ga fuskarsa. Shekarun nan duka yana zaune a layin, bai san abin da taɓaryar take nufi ba. Ya waiwayo ya ce da ni cikin tausasawa, "Ɗauke itacen nan daga hanya, 'yata, kada wani ya ji ciwo."