Hular Malam Muntaka

Duk Tudun Wada, dattijo ɗaya na sani da yake yawo kai ba hula, shi ne Malam Muntaka kafinta. Baƙi suna ɗauka ko taɓin hankali ne. Mu da muka san dalili, ba ma son a tambaye mu.

A shekarun da kuɗin fetur suka malalo, kowa gini yake yi, kowa ƙofa da taga yake so jiya-jiya. Sai Muntaka da ƙanensa Salmanu suka sayo injin fere katako, irin wanda ake tura katako a kan teburinsa, wuƙaƙe uku suna juyawa a ƙasa suna share masa fuska. Salmanu ne mai turawa, ga ƙarfi ga gaggawa. Ɗaura wuƙaƙe kuwa aikin Muntaka ne, bai yarda kowa ya taɓa ba.

Na sha tsayawa kallonsa, don yana da ban haushi da ban sha'awa. Sai ya bi bakin kowace wuƙa da farce yana neman inda ƙusa ta gatsa. Sai ya aza wani miƙaƙƙen itace a kan tebur, ya juya injin da hannu, ya ga ko wuƙar ta ɗan ja itacen. In ɗaya ta fi 'yan'uwanta tsawo ko da gashi ne, ya sake lale. Salmanu ya yi ta tsaki, shi ko a jikinsa. Abin da yake yawan faɗa shi ne, wuƙar da ba a ɗaure notinta ba, in inji ya tashi ba ta tambayar wa ke tsaye.

Saboda haka suka yi wata ƙa'ida su biyu. In Muntaka ya kwance noti, sai ya cire hularsa ya kife a kan makunni. Muddin hula na nan, ba mai kunnawa. Ba su taɓa gaya wa kowa ba, don ba su ga wanda abin ya shafa ba.

Wata Talata da hantsi, Salmanu ya tafi Kwangila ɗauko katako. Muntaka ya jera wuƙaƙe, bai kai ga ɗaure su ba, sai ga gawar wani makwabci an fito da ita. Gawa ba ta jira. Ya saki sufana ya bi mutane haka nan, kai a buɗe.

Kailani tela, da shagonsa ke jikin nasu, mutum ne mai kunya da son kare mutuncin mutane. Ya leƙa ya ga hula kife a kan makunni, ya ga bai dace babba kamar Muntaka ya tsaya a jana'iza kai ba hula ba. Ya karkaɗe mata garin katako, ya sa a aljihu.

Ina kusa da su a maƙabarta, ana zuba ƙasa, Kailani ya matso ya miƙa masa a hankali.

"Malam, ka manta hularka."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu a tsaye ba sai ran nan. Muntaka bai karɓa ba. Ya tambaya ko Salmanu ya dawo. Kailani ya ce ya hango motar katako tana shigowa layi lokacin da yake fitowa.

Muntaka ya ruga, na bi shi, takalmansa suka zube a hanya. Tun daga bakin titi muka jiyo gurnanin injin yana tashi. Sai wata ƙara kamar an jefa dutse a kwano, sai mata suka fara salati.

Kafin la'asar muka koma maƙabartar da gawar Salmanu.

Muntaka bai taɓa ɗora wa Kailani laifi ba, kuma wannan ya fi cin Kailani rai. Ya karɓi hular daga baya, ya mayar da ita kan makunni, ya koma aiki da hannu. Masu neman sayen injin sun yi ta zuwa har suka gaji. Amsarsa ɗaya ce, bai gama ɗaure wuƙaƙen ba.