Baba Arzika, Mai Sauraron Inji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Baba Arzika Bungudu, bakaniken tsofaffin motoci, a gidansa da ke unguwar Damba a Gusau, bayan jinyar kwana tara.

Baba, ni ce Asiya, ma'aikaciyar jinya da ke zuwa aiki Tsafe daga Gusau a tsohuwar Fijo. Shekara uku da suka wuce na zo maka da ita tana karkarwa, tana tari ta salansa, ba ta iya hawan ko ƙaramin tudu. Duk mai bin hanyar nan ya san ba wurin da mota za ta tsaya da mutum ba ne. Sau biyu ta mace mini tsakanin ƙauyuka, ina riƙe da sitiyari, ina duban daji.

Kafin na same ka na zaga gareji uku. Na farko ya canja fulogi huɗu, bai ko dubi waɗanda ya cire ba. Na biyu ya wargaza kafireta, ya mayar da ita da ragowar kusoshi biyu a aljihunsa. Na uku, mai farar riga da ba ta taɓa ganin baƙin mai ba, ya zo da na'urar kwamfuta ya yi ta neman inda zai jona ta a motar da ta girme shi. Da ya rasa, sai ya yanke hukunci cewa inji ya mutu, wai kuma ya san wanda zai raba ni da gawar. Waɗannan su ake kira injiniya a garin nan.

Kai kuwa na iske ka ƙarƙashin darbejiya, don irin waɗannan kanikawan sun riga sun ture ka daga rumfarka, wai tsoho ya tare wuri. Ka sa na tayar da ita, ka sunkuyar da kai kana sauraron injin. Sannan ka ɗauki filaya kana zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ka zare sai inji ya ƙara shaƙewa, amma da ka zare ta uku, ko gezau. Ka ce wannan silindar ce ba ta aiki. Ka kwance fulogin ka shinshina, ka nuna mini fetur ne ya jiƙa shi, ba baƙin mai ba. Ka toshe ramin da babban yatsa, ka ce in murza makulli, iska ta ture yatsan da ƙarfi. Ka musanya fulogin da na ɗaya, ciwon bai motsa ba. Ka musanya waya, sai ciwon ya bi ta. Ashe tsagewa ce siririya a jikin wayar, wuta na zurarewa.

Ka ɗago ka ce, "Ɗiyata, wagga mota lahiyarta lau. Waya guda ta. Wa ya ce miki ta mutu?"

Na faɗa maka. Ba ka zage shi ba, ka dai girgiza kai. Ni ce ban iya wannan haƙurin ba.

Tun daga ranar, duk Asabar sai ka sa na biyo ka saurare ta, ko ba ta da komai. Ka ce mai zuwa wurin marasa lafiya bai kamata ya makara ba.

Kwana tara kana kwance, ban ga ƙeyar ko ɗaya daga masu garejin nan uku ba. Amma ranar sadakar uku sai ga su cikin shadda, sun yi layi ana ɗaukarsu hoto, har mai farar rigar ya miƙe yana cewa kai ka koya masa sana'a. Da ya koya, da na gani a motata.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa gaskiyar da ka riƙe ta tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Uwani, wadda ta yi jinyarka ita kaɗai, da 'ya'yanka Khalid da Bara'atu, da 'yan'uwa na Bungudu, da direbobin Wonaka da Ruwan Bore da suka bar lodi suka zo suka ɗauki makararka a kafaɗa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.